Shekara Tara Babu Sahabi, Mai Kai Saƙon 'Yan Kaso

A watan Rajab ɗin nan da muke ciki Sahabi Mahauci, mutumin Talata Mafara, ya cika shekara tara da rasuwa. Ba shi da sarauta, bai taɓa riƙe muƙami ba, bokon ma bai yi ba, don haka na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunansa ba. Ni kuwa aminina ne, ko da yake abotarmu ta soma a inda ba a saba ƙulla abota ba. Ni ne ke riƙe da makulli, shi kuma yana bayan ƙofa.

Ni haifaffen Bakura ne, kuma aikin gandiroba na yi tun ina saurayi har furfura ta kama ni na yi ritaya. Ba zan ambaci sunan gidan yarin da abin ya faru ba, domin in akwai laifi a cikin labarin nan, kaso mafi girma nawa ne. A lokacin ina kofur, ina ji da kakina, kuma na yarda da abin da manyanmu suka koya mana: kada ka saba da fursuna, kada ka ji labarinsa, domin duk wanda ke ciki cewa zai yi sharri aka yi masa.

Abin da ya kawo Sahabi hannunmu tsautsayi ne, wanda aka ce ba ya wuce ranarsa. Ya sayi sa a kara ta hannun wani dillali, ya yanka, ya sayar da naman. Bayan kwana biyu wani makiyayi ya zo ya gane fatar da shaidar da ke cinyarta, ya ce sansa ne da aka sace. Dillalin da zai iya wanke Sahabi ya riga ya bi motar shanu zuwa kudu, ba wanda ya san ranar dawowarsa. Aka kawo mana shi ɗakin masu jiran shari'a, ƙaƙƙarfan mutum mai faɗin ƙirji, da tabon wuƙa a kusan kowane yatsa. Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu a gida. A makon farko bai ce wa kowa uffan ba, gabzar da ake ba su ma sai ya tura wa na kusa da shi.

A ɗakin nan akwai wani tsoho mai suna Ɗanjuma, mutumin Tsibiri ta ƙasar Maradun. Ya kai wata bakwai a wurinmu kafin zuwan Sahabi. Abin da muka sani game da shi bai wuce an kwaso shi tare da wasu ba bayan wani rikici da ya tashi a tashar mota ranar kasuwa. Sauran duk 'yan'uwansu sun zo sun fitar da su, shi ba wanda ya taɓa zuwa. Mun ɗauke shi marar wayo ne, domin duk abin da ka faɗa masa sai ya gyaɗa kai ya yi murmushi. Ƙazuwa ta cinye masa hannuwa da tsakanin cinyoyi, ƙafafunsa sun kumbura, 'yan ɗakin suka tura shi kusa da bokitin ba-haya domin ba mai son jikinsa ya taɓa nasa. Ina ganin haka kullum safe in na zo ƙirga su. Ƙirga ita ce aikina, kuma kullum tana cika.

Sahabi ne ya ɗauke tabarmarsa ya koma kusa da tsohon. Matarsa kan aiko masa da sabulu da ɗan man shanu, sai ya riƙa yi wa Ɗanjuma wanka idan an fito da su tsakar gida, ya shafa masa man, ya shanya masa riga a rana. Ina tsammanin hidimar tsohon nan ce ta dawo da shi kansa cikin hayyacinsa, domin daga nan ya soma ci, ya soma magana. Kuma shi ne ya gano abin da mu ma'aikata muka kasa ganowa a wata bakwai: Ɗanjuma lafiyar hankalinsa lau, kurumta ce ke damunsa. In ka matsa kusa da kunnensa na hagu ka ɗaga murya, zai ba ka amsa daidai. Akuya ya kawo kasuwa, ya sayar, yana jiran mota rikicin ya rutsa da shi. A kotu ya ga bakin alƙali na motsi, ya gyaɗa kai kamar yadda ya saba, aka sa shi a mota. Iyalinsa ba su san inda yake ba.

Wata safiya bayan ƙirga Sahabi ya tare ni a bakin ƙofa, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo kamar a zaurensa muke, sannan ya zayyana mini wannan duka. Ya roƙe ni in aika Tsibiri. Na ce masa doka ta hana ma'aikaci ɗaukar saƙon fursuna, kuma ina da iyalin da nake ciyarwa da wannan aiki. Ya ce, "Kofur, ni ban ce ka buɗe mashi ƙofa ba. Baki kawai za ka buɗe. Wanga tsoho in ya ƙara damina guda nan, gawatai za ku fitar." Na daka masa tsawa na wuce. Sau uku yana tare ni, sau uku ina wucewa. Wata biyu aka yi a haka, kuma har yau in na tuna watannin nan biyu sai in ji kunya.

Abin da ya karya ni shi ne ranar da aka aike ni ofishin ajiye takardu neman wata takarda, hannuna ya faɗa kan ta Ɗanjuma. Na karanta, na sake karantawa. Ashe tun ranar farko alƙali ya ba da belinsa. Abin da ake bukata kawai mutum ɗaya sananne ya zo ya tsaya masa. An faɗa masa a kotu, bai ji ba. Wata tara mutum yana ruɓewa kusa da bokiti saboda magana ɗaya da ba ta shiga kunnensa ba, takardar kuwa tana nan taku ashirin daga inda yake kwance.

Ranar hutuna na tuɓe kaki, na sa 'yar shara, na hau mota zuwa Maradun, daga nan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni Tsibiri. Damina ce, gero ya kai ƙugu. Aka nuna mini gidan, ƙanen Ɗanjuma ya fito, muka yi ta gaisuwa, ya gida, ya ruwa, ya aiki, ni kuwa na rasa ta inda zan soma. Da na ce masa yayansa na da rai, sai ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Sun nema a asibitoci, sun bi gaɓar gulbi, har an soma maganar ko matarsa za ta shiga takaba. Matar tana jinmu daga bayan zaure. Ba ta tambaye ni laifin da ya yi ba. Abin da ta ce shi ne, "Malam, wa ka yi mashi magana can? Ba ya ji sai ta kunnen hagu." Na ce akwai wani mahauci da ya gano haka. Ta ce, "Allah shi fidda mahaucin nan."

Cikin kwana huɗu ƙanen ya zo da takardar mai unguwarsu, aka sallami Ɗanjuma. Daga baya ma aka kori ƙarar, domin ba wanda ya zo ya ce ya ga ya yi wani abu. Ya yi damina uku a gidansa kafin Allah Ya karɓi ransa a gaban iyalinsa. Ni kuma labarin zuwana Tsibiri ya kai kunnen shugaban gidan yarin, ya kira ni, na shiga ina jiran takardar kora. Ya yi mini faɗa sosai a kan tafiya ba izini. Da na juya zan fita sai ya ce, nan gaba in na ga irin wannan in kawo teburinsa. A makon nan ya sa aka bi takardun masu jiran shari'a ɗaya bayan ɗaya, aka kuwa tarar Ɗanjuma ba shi kaɗai ba ne.

Addu'ar matar nan ta ci. Dillalin ya dawo daga kudu, ya ba da shaida, ya nuna wanda ya kawo san, aka saki Sahabi bayan shekara ɗaya da wata bakwai. Sai dai fita daga kaso wani ɗaurin ne. Ya tarar an ba wani teburinsa a kasuwa, masu sayen namansa na da suna ratsewa, ana nuna shi da baki ana cewa ɗan kaso. Sai da dattawan mahauta suka sa baki ya samu gefen rumfa. Na ɗauka mutumin da aka yi wa haka ko hanyar gidan yari ba zai sake bi ba.

Ranar Laraba, washegarin kasuwar Mafara, ina tsaron babbar ƙofa sai ga shi da tukunya ɗaure a bayan keke. Ya bi 'yan'uwansa mahauta ya tara ƙashi da kai da ƙafa da ba a sayar ba, matarsa ta dafa romo. Ya ce na marasa lafiya ne. Ƙa'ida ce duk wanda ya kawo abinci sai ya ɗanɗana a gabanmu, ya kuwa ɗebi ludayi guda ya shanye, ya ce, "Kofur, in guba ce kai ma zo ka mutu," ya miƙo mini. Wannan ne karo na farko da na yi dariya da shi. Daga ranar, duk Laraba sai ya zo, har ƙarfinsa ya ƙare. Bayan romo ya ƙara da sabulu da tsofaffin riguna.

Amma babban aikinsa ba na tukunya ba ne. Shugaban gidan ya ba shi izinin ganin waɗanda ba mai ziyartarsu, a gaban ma'aikaci. Yakan tambayi mutum sunansa, sunan ubansa, garinsu, da wanda za a nema. Ba ya rubutawa, a ka yake riƙewa. Da yake sana'arsa na kai shi kasuwanni da rugage sayen dabbobi, sai ya haɗa tafiyar biyu. Da ya samu babur, ba lungun da bai shiga ba tsakanin Mafara da Bakura da Maradun, har hanyoyin ƙafa na cikin Faru. Yakan ce zumunci a ƙafa yake, to wanda aka ɗaure wa ƙafa sai wani ya ara masa tasa.

Ba ko'ina aka karɓe shi da murna ba. Akwai wani dattijo a Birnin Tudu da ɗansa ya saci injin ban-ruwa na maƙwabci, aka ɗaure shi. Wannan kam ya aikata, bai ma musa ba. Uban ya ce wa Sahabi shi ba shi da ɗa mai wannan suna. Sahabi bai yi gardama ba. Duk lokacin da ya biyo ta garin sai ya tsaya ya gaishe shi, ya ce wane yana lafiya, ya wuce. Ya fi shekara yana haka, dattijon ba ya amsawa. Ran nan sai dattijon ya shiga gida ya fito da bargo a naɗe, ya ɗora a bayan babur ɗin, bai ce a kai wa wane ba. Da ɗan ya gama wa'adinsa, gidan ubansa ya sauka, kuma a yau shi ke noma gonar.

Kada in mai da shi waliyyi. Sahabi na da zafin rai, kuma iyalinsa sun sha jiran cefane yana can wani ƙauye kan lamarin mutumin da bai haɗa komai da shi ba. An kuma cuce shi. Wani da ya tsaya wa, ya ba shi aikin fiɗa a rumfarsa, ya gudu da babur ɗin nan, ba a sake ganinsa ba. Na je yi masa jaje, amma gaskiya da niyyar in ce ai na faɗa maka. Mun daɗe muna wannan musu da shi, domin ni na zauna da mutanen nan, na san a cikinsu akwai waɗanda in ka ji abin da suka aikata ba za ka iya cin abinci ba. Ya yi kwana biyu yana huci. A na uku ya ce mini, "Na sani akwai miyagu, ba a taru anka zama ɗaya ba. Amma alƙali shekaru ya yanke ma mutum. Ka taɓa jin an ce an yanke mashi ƙazuwa? Ko an yanke mashi uwatai ta mutu ba ta san inda shi ke ba?" Laraba na zuwa ya ɗauko tsohon kekensa. Tambayar nan ce ta sauya yadda na yi sauran shekarun aikina.

Ciwon ciki ne ya kwantar da shi, na 'yan makonni. Ya rasu da hantsi, muka yi masa sutura bayan Azahar. A cikin masu ɗaukar makara na ga fuskokin da na sani, waɗanda na taɓa ƙirgawa da safe, yanzu magidanta ne da gemu. Wasu suka sunkuyar da kai da suka gan ni, wasu suka miƙo hannu muka gaisa.

Sau da yawa nakan tambayi kaina abin da Sahabi zai ce in ya ga yau. An sauya wa gidan yari suna, yanzu gidan gyaran hali ake cewa. Na san zai yi dariya ya ce suna linzami ne, sai a ga inda dokin zai nufa. Amma zai yarda an samu ci gaba. Ƙananan ma'aikatan da nake haɗuwa da su suna ba ni labarin ɗaurarru masu koyon ɗinki da aikin kafinta, da masu sauke Alƙur'ani, har da masu zana jarrabawa daga ciki. Alƙalai kan kai ziyara su duba waɗanda suka daɗe ba shari'a, akwai kuma lauyoyi matasa da ke shiga irin waɗannan lamurra don Allah. Tafiyar da takan ci masa yini guda, yanzu kiran waya ɗaya ne. Wannan zai faranta masa rai ƙwarai, ko da yake na tabbata zai ce waya ba ta iya zama a zauren uban da ya yi fushi.

Akwai kuma abin da zai sa shi kuka. Hanyoyin da yake bi shi kaɗai da tsakar rana, yau wasu ba su biyuwa saboda 'yan bindiga. Garuruwan da yake kai saƙo, wasu mutanensu sun watse, ko ka samu sunan uba da na gari ba lallai ka tarar da kowa ba. Cunkoson ɗakin masu jiran shari'a bai gushe ba. Zukata kuma sun bushe, kuma ban ga laifin kowa ba. Wanda aka kashe wa ɗan'uwa ko aka kore shi daga gonarsa, in ka ce masa a ji tausayin ɗaurarre, kamar zagi zai ji. Ni kaina na rasa dangi a wannan fitina. Sai dai na san abin da Sahabi zai ce, domin ya sha faɗa: lokacin da tsoro ya yi yawa, lokacin ne ake yawan kama mutum bisa zato, kuma gidan yari ba don mutum ɗaya aka gina shi ba. A hukunta mai laifi, hukunci mai tsanani ma in ya cancanta. Amma a tabbatar shi ne, a kai shi gaban alƙali da wuri, a ba shi magani in ya kwanta, a bar danginsa su san inda yake. Wanda aka wulaƙanta a ciki wata rana zai fito, kuma cikinmu zai dawo.

Me ya rage na Sahabi? Bai bar dukiya ba, rumfar kasuwa ce da gidan ƙasa. Ba a sa wa titi ko makaranta sunansa ba. Amma tukunyar Laraba ba ta tsaya ba. Babban ɗansa Lawali, wanda ya gaji rumfar, shi ke bin mahauta yanzu, kuma abin ya zama al'ada har ba sai an roƙa ba, kowa ya san kason da yake warewa in kasuwa ta tashi. Ni kuma da na yi ritaya sai na tarar aikin saƙon ya faɗo kaina, tunda na san ƙofofin ofis, na kuma iya karanta takarda. Ba ni da ƙwaƙwalwarsa, ni sai na rubuta, kuma ba ni da haƙurinsa. Aka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni shaida ne, domin a kaina ya fara mannewa, ni da nake ganin ba ruwana.

A watan da ya wuce ina zaune a rumfar Lawali ranar kasuwa, sai ga wata mata ta zo daga wajen Faru, da goyo a bayanta, ƙafafunta duk laka. An kama mijinta a hanya wata uku da suka wuce, ba ta san inda aka kai shi ba. Wani a garin da suke gudun hijira ya ce mata ta je Mafara ta nemi mahaucin da ke nemo mutane. Ta tsaya gaban teburin ta ce, "Don Allah, wane ne Sahabi?" Lawali ya dube ni, na dube shi. Ya ajiye wuƙa, ya goge hannu, ya jawo mata benci. Ya ce, "Baba ya rasu shekara tara ke nan. Amma ba ki ɓata hanya ba. Zamna ki sha ruwa, ki gaya muna sunan mijinki da na ubanai."

Mun same shi a kwana na shida, yana da rai, kuma an sa ranar shari'arsa.

Allah Ya jiƙan Sahabi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yalwata masa kabarinsa kamar yadda ya yalwata wa waɗanda ke cikin ƙunci.